Ranar da na ɓuya cikin doya

Ni na kawo wasan katin waya garin Salaga. Duk wanda ya ce maka ba ni ba ne, tambaye shi inda yake lokacin da nake hawa saman buhunan masara ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, don kawai netwok ya dube ni. Kakanninmu goro ya kawo su garin nan. Goron ya tafi ya bar mu da doya, ita nake sayarwa, kuma tsakanin mota da mota mai doya yana da lokacin da zai iya haddace littafi. Ni kati na haddace.

Wasan ba wuya a baki. Kowa zai zaɓi kati talatin ya haɗa, mu muna ce masa ɗauri. Kowane kati da ƙarfin da yake ci kafin ka ajiye shi. A zagayen farko ƙarfi ɗaya za a ba ka, na biyu biyu, haka yake hawa. Ka ajiye sojojinka, abokin karawa ya ajiye nasa, wanda ransa ya fara ƙarewa ya faɗi. Sai agogo. In naka ya zo, minti ɗaya da 'yan kai gare ka. In ya cika ba ka taɓa komai ba, an wuce ka, ko kana kan gadon asibiti ne.

Mutum biyu na koya wa muka zama ƙungiya, don gasar da ake yi duk mako mutum uku-uku ake shiga. Na farko direban Yendi ne da ke ɗaukar mini kaya. Ranar da na buɗe ɗaurinsa sai da na nemi wurin zama. Dodanni ne zalla, kowanne mai cin ƙarfi takwas ko tara. Na ce masa, "Direba, in aka ba ka doya manya-manya kaɗai, haka kake loda mota? Ba ƙanana ke cike gibi ba?" Kafin ya tara ƙarfin da zai fito da dodo ɗaya, an kashe shi, an yi masa sadakar uku. Na zubar masa da kusan duka, na cusa masa ƙananan kati goma sha biyu masu cin ɗaya da biyu, matsakaita goma, manya uku, sauran na kashe sojan abokin karawa. Na kuma ce in an raba hannun farko ya ga mai tsada, ya mayar a canza masa, ko da kuwa hoton katin ya fi amaryarsa kyau.

Na biyu mai albasa ne a Bawku. Shi ciwonsa gaggawa. Duk abin da ke hannunsa sai ya zube a fili lokaci guda, kamar mai baza albasa a rana. Akwai kati guda da muke kira tsintsiya, in aka ajiye ta takan share filin kaf. Ta share shi sau dubu, ba ƙari. Na ce, "Alhaji, ajiye biyu ka riƙe biyu. Kuma ka riƙa lura da abin da mutumin ya riga ya kashe. In tsintsiyarsa ta fita, sannan ka zuba hauka." Ya ji, ya gyaru, har ya fara koya wa mutanen Zebilla da bakinsa kamar a mafarki aka ba shi.

Nawa ɗaurin kuwa na haƙuri ne. Ba na kai hari da wuri. Ina tarewa, ina jan kati, ina barin mutum ya gaji da kansa, sai wajen zagaye na goma in fito masa da abin da zai sa ya jefar da waya a kwata. Aibinsa ɗaya, kowane zagaye sai na yi tunani har agogo ya kusa cika. Ba ɗaurin da za ka buga da rabin hankali ba ne.

To su masu wasan, can ƙasar da ban san ta ba, suka tsayar da lokacin gasa ƙarfe huɗu na yamma ranar Asabar. Ba su yi shawara da kowa a Salaga ba. Da sun tambaye ni da na gaya musu ƙarfe huɗu lokacin Baba ne.

Baba aminin mahaifina ne, tare suka yi fatauci. Tun da mahaifina ya rasu, in ya fito daga sallar la'asar sai ya biyo ta rumfata. Ba kullum ba, amma ba ka sanin ranar. Kuma gaisuwar Baba ba irin ta yanzu ba ce da ake jefowa daga kan babur. Za ka tsuguna, ka ba shi hannun dama, na hagu na riƙe da gwiwar hannu. Zai tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya bi 'ya'yanka ɗaya bayan ɗaya, ya shiga kasuwa, ya fita ta ruwan sama, ya koma kan ƙafar ƙanwata da ta warke shekara shida da suka wuce. Daga nan ya ɗaga hannu ya yi wa mahaifina addu'a. Mutum zai iya dasa doya a farkon gaisuwar ya haƙe ta a ƙarshe.

Wata bakwai muna hawa, har muka kai wasan da in mun ci za mu shiga matakin sama. Direba ya ci nasa. Mai albasa ya faɗi. Saura ni. Zagaye na bakwai, mutumin ya zube sojoji biyar a fili, ni kuma tsintsiya na hannuna tana murmushi. Yatsana na kanta.

"Salamu alaikum."

Na kife wayar a kan benci na tsuguna. Ba tunani na yi ba, gwiwoyina ne suka yi nasu aikin. A gidanmu ba a gaida babba da abu a hannu.

"Yaya gida?"

"Lafiya lau, Baba."

"Yaya mai sunan malam? Tarin ya sake shi?"

"Ya sake shi, Baba."

"Madalla. Ita 'yar autar fa, har yanzu tana tsoron akuya?"

Ina jin wayar tana kuka ƙasa-ƙasa a kan benci, kukan da take yi in agogo ya kusa cika. Ta yi sau ɗaya. Ta yi sau biyu. Da muka kai kan ruwan sama ta yi na uku. Baba ya ce, "Wani tsuntsu ne ya shiga rumfar?" Na ce, "E, Baba, yana yawan zuwa." Da aka shafa addu'a na juya wayar, an riga an binne ni, tsintsiyata na nan a hannu ba ta share ko ƙura ba.

Saƙon muryar da mai albasa ya turo ya kai tsawon huɗuba. Bayan kwana uku ina da kaya zuwa Bawku, na shiga gaban motar direba. Daga Salaga har Yendi bai ce mini uffan ba, mutumin da ko rami ya faɗa sai ya ba shi labari. A tashar Yendi ya sayi koko da ƙosai ya ci shi kaɗai ina kallo. Sai da muka wuce gari ya ce, "Maigida, zagaye uku ka rasa. Ko akuyar da 'yarka ke tsoro aka ba wayar, da ta taka wani abu."

A Bawku suka zaunar da ni a rumfar albasa, ga wari, ga shari'a.

"Maigida, mun samu mutum," in ji mai albasa. "Malamin makaranta ne a Zebilla. Ba shi da tsoho ko ɗaya, duk nasa suna Kumasi."

"Ni za ku cire? Ɗaurin da ke wayarka wa ya haɗa shi?"

"Kai ka haɗa, Allah ya saka. Ɗauri ba ya buga kansa."

"Me kuke so in yi, in ce wa aminin ubana ya dakata ina kashe dodo?"

"To canza ɗauri," in ji direba. "Ɗauki mai sauri, zagaye biyar ka gama kafin Baba ya ɗaura alwala."

Na ce ni ban iya wasan mahaukata ba. Gaskiyar ita ce na iya, girman kai ne. Mai albasa ya ce to magana ɗaya ta rage. Asabar mai zuwa in ɓace daga rumfa, in na sake rasa zagaye ko ɗaya malamin Zebilla ya shigo. Na dube su, mutanen da na tsamo daga hannun dodanni da tsintsiya, na ce na yarda.

Ran Asabar tun kafin huɗu na shige ɗakin ajiyar doya da ke bayan rumfata. Na shimfiɗa tabarma tsakanin tuli biyu, na kashe ƙarar waya, na turo ƙofa. Zafi kamar cikin tukunya. Wasa ya fara kyau. Na mayar da manya biyu a hannun farko, aka ba ni ƙanana, na tare, na ja kati. A zagaye na shida na ji sandar Baba a kan dakali.

"Salamu alaikum."

Na riƙe numfashi. Ya sake yi, ya ɗan ɗaga murya. Na ajiye kati mai cin uku, na riƙe mai cin biyar, daidai yadda nake koya wa mutane. Ya yi ta uku, a hankali, kusa da ƙofar. Amsar ta zo mini har maƙogwaro na haɗiye ta. Sannan sandar ta tafi.

Na ci wasan a zagaye na goma sha ɗaya. Ban taɓa buga mai kyansa ba. Mai albasa ya turo saƙo yana ihu, direba yana busa hon a Yendi kamar an yi masa haihuwa.

Da na buɗe ƙofa na ga takalmana. Na cire su ne a bakin ƙofa kafin in hau tabarma, yadda na saba tun ina yaro, ban ko lura ba. Na bar su a warwatse cikin rana. Na same su a jere, an matsar da su inuwa.

Washegari na je gidan Baba na tsuguna, na fara kame-kame. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Mai aiki ba a tsayar da shi." Ya sa aka kawo mini ruwa. Bai tambayi kowa ba, ko mai tari ko mai tsoron akuya.

Muna matakin sama yanzu, kujerata na nan, malamin Zebilla bai samu shiga ba. Baba yana biyowa ta layinmu bayan la'asar, amma ta ɗaya gefen titin. Yakan ɗaga sanda ya ce, "Sannu da aiki." Kafin gwiwata ta kai ƙasa ya wuce rumfar mai gishiri.