Kujerar Gefen Direba

A rumfar Tanimun mai ɗinkin kujerun mota, bayan tashar Konni, wani dattijo yana tsaye, hularsa ta koɗe, idanunsa sun faɗa. Kujera ɗaya tak ya kawo, ta gefen direba. Tanimun yana shimfiɗa masa yadi mai laushi, amma dattijon ko taɓawa ba ya yi.

"Baba, wanga ya fi sanyi. Leda in rana ta buga, ƙona baya take yi."

"Sa mani ledar. Ita ba ta riƙe ƙamshi."

Tanimun na farke tsohon yadin, sai turaren mace ya taso. Bai tambaya ba. Ya dai raya a ransa rasuwa ce. Dattijon ya duƙa, ya tsamo tsohon yadin daga sharar da Tanimun ya jefa shi, ya ninke, ya cusa cikin rigarsa.