Alwalar Mukhtaru a Japan

Mukhtaru ɗan Gwaggo Ɗaso ne, wato taubashina, haifaffen unguwar Tandabawi a nan garin Harami, mai shagon kayan gyaran mota a unguwar Rusaifa. Mutum ne da bai san tambayar alƙibla ba. Ɗaga kai kawai yake ya hango agogon Harami. Duniya kaf na sayar da gona ta zo garinmu ziyara, shi gogan sai da ya je Japan ya yi tasa.

Sarin kaya ne ya kai shi bara. Ran nan La'asar ta gabato, ya ce wa mai masaukinsa, da Turancin nan nasa mai ƙafa ɗaya, a kai shi "Haram". A tunaninsa kowane gari na da nasa. Bawan Allah ya gane dai wurin ibada ake nufi, ya kwashe shi sai wani tsohon wurin bautar Shinto, addininsu na gargajiya, a gindin dutsen da suke girmamawa.

Mukhtaru ya ga dutse, ya ce ga Jabal Nur ɗinsu. A bakin wata jar ƙofa ya ga kwamin ruwa da ludayi, inda suke ɗauraye hannu da baki. Malam ya naɗe wando ya zuba alwala cikakkiya, har da tsefe yatsun ƙafa. Japanawa dubu suka yi cirko-cirko (shi ya ce shida ne). Sai da ya ɗaga kai neman agogo ya ga ana rusunawa ana tafi gaban wani ɗaki. Wallahi ko tsakanin Safa da Marwa bai taɓa irin gudun ba. A wurin ajiye motoci ya yi sallarsa, waya na nuna masa alƙibla.

Tsoronsa ɗaya: kada Gwaggo ta ji. Matar da ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwarsa don ya yi sallar Juma'a ɗaya a Jidda maimakon Harami!

Sai ga mai masauki, don karamci, ya aiko da hoton alwalar cikin firam. A hannun Gwaggo ya faɗa.

"Masha Allah! Ya waladi, ɗana, masallacinsu ja ne?"

"Aiwa, haka ne, Ummi."

"To ina hasumiyar?"

"Ana... ana gyaranta."

Ta sa aka rataye shi a falo. Duk baƙon da ya zo, sai Mukhtaru ya yi bayani. Yanzu masallacin har ya samu liman, mai zaƙin murya.

Ni kaɗai ya faɗa wa gaskiya. Duk Juma'a yakan kawo mini mutabbak, wainar nan ta fulawa da nama, da zafinsa, yana cewa, "Halas, taubashi, rufa mini asiri."

Juma'a biyu ke nan ban ga mutabbak ba.