Gwaggo Dije da Hayaƙin Kwalta

Duk wanda ya zauna da Gwaggo Dije ta Wurma, yayar babanmu, ya sha tambayar nan tata. Kana gama ba ta labari za ta karkace ɗankwali, ta kanne ido ɗaya, ta ce, "To, ban da kai, wa ya gani?" Mahauci ya rantse mata naman na yau ne, sai ta zagaya bayan rumfa neman fatar. Ranar da na yi haihuwar fari a Kurfi, mijina ya tuƙo keke yana haki ya kai mata albishir. Tambayar nan ta jefa masa. Haka bawan Allah ya juya ya goyo ungozoma a bayan keke, sannan Gwaggo ta yarda ta rangaɗa guɗa.

Mu dariya muke yi mata, har aka zo shimfiɗa kwalta a hanyarmu, farkon shekarun tamanin. Kamfanin aikin ya kafa injin dafa kwalta gabas da gari, yana tuttuɗo hayaƙi baƙi ƙirin. Ka shanya garin tuwo fari, ka kwashe shi kamar toka. Wannan duk mai sauƙi ne. Mijin Gwaggo, Malam Idi, yana fama da fuka, ya kai ko masallacin ƙofar gida ba ya iya zuwa.

Da maigari ya kai kuka, sai kamfani ya ce ai yana da malamin dubawa da ke zuwa daga Katsina, kuma kullum shaidarsa ɗaya ce, hayaƙin bai wuce ƙa'ida ba. Malam Bulus ke nan, Kirista ne mutumin Jos, mai gaskiya ƙwarai, abin da ya gani shi yake faɗi. Sai dai motar kamfani ce ke ɗauko shi, kuma ranar zuwansa injin lallaɓawa yake yi kamar mara lafiya. Matan gari suka gane. Da an ga motar ta tafi ɗauko shi sai wanki da shanya su kankama ko'ina. Har suna muka sa wa ranar, ranar Bulus.

Wata ranar Bulus Gwaggo ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar hanya da ƙwaryar fura, dole direba ya taka burki. Ta leƙa ta taga ta shaida wa baƙon cewa tana da ɗaki a share, da gona kyauta, ya dawo Wurma da zama. In ba shi da mata a nemo masa, in an rasa, ita ma ba ta tsufa can can ba, Malam zai yi haƙuri.

Malam Bulus ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce, "Inna, me na yi na samu wannan gata?"

"Ɗan nan, ran da ka zo kaɗai mijina ke lumfashi kamar mutum."

Dariyar ta tsaya cak. Direba ya yi wuf ya ce ai kullum haka injin yake aiki. Kun san abin da ta tambaye shi.

Ba a yi wata ba sai ga Malam Bulus ya diro daga motar kasuwa, ba wanda ya san da zuwansa, hayaƙi kuwa ya turnuƙe gari. Ya nemi farin ƙyalle a shimfiɗa a tsakar gida. Gwaggo ta buɗe adaka ta fiddo likkafaninta da ta daɗe da yin tanadinsa. Muka hau salati. Ta ce shi ne farin da take da shi, kuma ba ta ga dalilin sayen wani ba alhali wannan zaman banza yake yi. Kafin la'asar ya yi dabbare-dabbare kamar zabuwa.

Ba mu san me Malam Bulus ya je ya faɗa ba, amma an tumɓuke injin an kai shi can daji, an gyara masa bututu. Manaja da kansa ya zo da maigari yana ba da tabbacin an gama da hayaƙi. Gwaggo ta kanne ido, manajan kuma ya sunkuyar da kai, don labarinta ya riga ya kai masa. Ta wanke likkafanin ta sake shanyawa a bakin hanya, duk mai wucewa sai ta tsayar da shi ya duba. Ya wuni fari tas. A ranar nan Malam Idi ya taka da ƙafarsa ya bi jam'i, ita kuma tana bayansa tana guɗa, yana ce mata ta rufa masa asiri. Ya ƙara shekaru masu yawa a duniya kafin ya riga ta tafiya.

Da nata lokacin ya yi, ina cikin masu yi mata wanka. Na buɗe adakar na ɗauko ƙyallen nan, yana nan fari ƙal, sai kuka ya ƙwace mini. Gwaggo, in na ce ke mutuniyar kirki ce na san abin da za ki tambaye ni. To, ban da ni, Wurma duk ta gani. Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya haɗa ki da Malam a inuwar da babu hayaƙi.