Gawar ɗan Dahomey a zaurenmu

Shekarun baya can, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, wani ayarin masu tafiya Makka a ƙasa ya yada zango a Minna. Lokacin ni tela ne, ina ta cika baki cewa da ƙafata zan je, alhali daga unguwarmu Dutsen Kura zuwa tasha ma sai na zauna hutu a hanya. Na roƙi madugunsu, wani ɗan Mali, ya yarda in bi su. A zaurenmu suka sauka.

Tun ranar farko na lura kowace ƙasa da murhunta. 'Yan Mali na cewa 'yan Gana rowa, 'yan Gana na cewa 'yan Nijar girman kai. Ni dariya nake yi, na ɗauka wasan taubasai ne. Akwai wani tsoho ɗan Dahomey, shi kaɗai ne daga ƙasarsu, shi kaɗai kuma yake cin abincinsa. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ana gobe za mu tashi, da hantsi ya cika.

Na kawo ruwa, na cire masa riga, sai ga tsage-tsage a ƙirjinsa irin na gargajiyarsu. Madugu ya ja da baya.

"Malam tela, mu ba ma wanke wannan. Mutanen Dahomey maciji suke bauta wa. Ga shaida ka gani."

Na ce, "Haba madugu! Ba tare kuke salla ba?"

"A ƙarshen sahu yake tsayawa. Allah kaɗai ya san wa yake kira."

Mutum ya tako wata da watanni tare da su, da likkafaninsa ƙunshe cikin kayansa, amma babu wanda ya motsa. Na ruga na kira abokina da limamin unguwa, muka wanke shi, mutanen unguwa suka sallace shi. Su kuwa 'yan ayarin suna zaune a gindin mangwaro.

Da muka dawo daga maƙabarta, sai muka tarar da hayaniya a zaure. Ashe rigima suke a kan wanda zai ɗauki salkar ruwansa. Mahaifiyata, wadda ba ta ɗaga murya gaban baƙi, ta yaye asabari ta ce, "Bayin Allah, kun ce mai ita arne ne. Ita salkar yaushe ta musulunta?"

Amma da safe da salkar suka tafi. Ni dai kwance kayana na yi, na koma kan kekena na ɗinki.

Abin da har yau yake tayar mini da hankali shi ne, kafin su tashi na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar sunan garinsa, don mu aika wa iyalinsa. Babu wanda ya sani, domin babu wanda ya taɓa tambayarsa. Wataƙila 'ya'yansa sun tsufa suna faɗa wa jikoki cewa a Makka aka binne shi.