Bara'atu, Nas Mai Auna Ƙafa da Zaren Koma

Kullum da safe, kafin a buɗe tagar yankar kati a wani ƙaramin asibiti da ke bayan Warra, nas Bara'atu Tamada ta riga ta zagaye gadaje tana ɗaga gefen zane tana duba ƙafafu. Shekara talatin da biyar tana haka. Guntun zaren koma, irin ta kamun kifi, ba ya rabuwa da aljihunta. Ta zagaya shi a sha-raɓar dama, ta zagaya a ta hagu. In ɗaya ta fi kauri, ga kuma zafi, to ranar babu mai sakat a asibitin.

Abokan aiki suka laƙaba mata Tela. Su dariya suke yi, ita kuwa ƙanwarta Murja take tunawa. Kwana tara da haihuwa ƙafar Murja ta kumbura, aka rubuta mata maleriya da taifot, aka sallame ta. Ashe jini ne ya daskare a jijiya. Gudan ya ɓalle ya toshe huhu, ta faɗi a bakin murhu, ba ta ƙara tashi ba.

Abin haushi, har yau ba mu daddara ba. Masunci ya wuni a naɗe cikin kwale-kwale, ƙafa ta hau, a ce sanyin ruwa ne. Mai jego, a ce ai haka jego yake. Ma'aikaci kuwa biro ya riga idonsa isa kan mara lafiya.

A bara aka tsallako da wata Lubabatu daga wani tsibiri, ɗanyen jego, ƙafar hagu kamar taɓarya. Jami'in da ke kan aiki ko tashi bai yi ba, ya ce a je gida a yi mata tausa da man zafi. Uwarta har ta naɗe hannun riga a ƙofar ɗaki, Bara'atu ta riƙe hannun.

"Inna, kak ki taɓa ƙahwag ga. Ba sanyi na ba, jini na ya kwanta. Kika matsa shi, ɗiyarki ba ta kai gobe."

Ta rubuta takardar turawa da hannunta ba da izinin kowa ba, ta tsare mota sai Birnin Kebbi. Hoto ya nuna gudan jini har cinya. Ladan Bara'atu? Takardar tuhuma, wai ta tsallake na gaba da ita. Har yau tana cikin fayil ɗinta, babu wanda kunya ta sa ya cire.

Ke ce kika yarda a ce miki fitinanniya don matan mutane su koma gida da rai. Ke ce ba a taɓa jin "bari mu gani zuwa gobe" a bakinki ba. Mun gode, Bara'atu. Allah Ya saka miki, tunda mu mun gaza.

A watan jiya ta yi ritaya. Aka sha lemo, aka ba ta agogon bango, jami'in nan ma ya yi jawabi. Lubabatu ta tako da ƙafarta tun daga bakin ruwa, goye da yarinya. Ta jira aka gama tafi, sannan ta tambaya:

"To, in mun zo gobe, wa za mu iske?"

Ku ma'aikatan asibiti masu fararen kaya, daga Yelwa har Shanga, ku take jira ku amsa.