Dawar Inna Tabawa a Hanyar Gandu

Har yau ban manta da ranar da keke ya kaɗe Inna Tabawa a gandun itatuwan Mayahi ba. Shekarar babban fari ce, soja ke mulki, ni kuwa ina ƙaramin gardin daji, wato mai tsaron gandun da muke renon dashe.

Wata siririyar hanya ta ratsa gandun. Ita mata ke bi zuwa wurin rabon dawar agaji, ita kuma ma'aikata ke yankewa bisa kekuna zuwa biro, wato ofishin hukuma. Kullum sai an yi cacar baki.

Wata Talata da hantsi na ji ihu. Na tarar da Tabawa, wata tsohuwa da fari ya koro daga ƙauye, zaune a ƙasa, dawarta ta watse cikin rairayi. Kwana biyu ta yi a layi kafin ta samu. Mutane sun kewaye mai keken, wani har ya ɗaga sanda. Ina ganin fuskarsa na gane shi: Idi ne, ɗan aiken kwamanda, sojan da ke riƙe da garin. In aka taɓa shi, kafin azahar motar soja ta kwashe kowa.

Na shiga tsakani. Na ce, "Malam Idi, in kana son fita da rai, durƙusa ka tsince dawar nan."

Ya durƙusa. Mai sanda ya sauke hannu, mata suka kawo faifai aka yi ta bakace. Tabawa kuwa idonta na kan ƙwaryarta.

Washegari aka kira ni biro. Na yi bankwana da matata kamar ba ni dawowa.

Kwamanda bai ɗago kai ba. "Kai ne ka durƙusar da ma'aikacina gaban jama'a?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Dalili?"

"Don kada in kawo maka gawarsa."

Ya ɗago ya zuba mini ido. Can ya ce, "To, yaya za a yi da hanyar?"

Na ce duk mai keke ya sauka a ƙofar gandu, ya tura har ya fita. Ya sa aka rubuta, ya kore ni da hannu.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, tsaron itace aka koya muku. Ni ranar na gane mutanen da ke bi ta ƙarƙashinsa sun fi wuyar tsaro. Tsohuwa mai yunwa, ɗauke da abincin jikokinta a ka, ba ta iya kaucewa. Na bisa keke shi ya kamata ya sauka.