Neman Likita Mai Jin Hausa, Daga Rufa'a Zuwa Sinja

Fitowa

Ana idar da sallar asuba na bar gida, gari bai gama wayewa ba. Maimuna, matata, ta ba ni shayi a tsaye, ta ce in gaida mutanen garin Mai Wurno, inda na nufa.

Ga abin da ya tashe ni. Na daɗe ina likitan iyali a ƙauyenmu, gabas da Rufa'a: ni ne na mai ciki, ni ne na hawan jini, ni ne na harbin kunama. Sai jami'a ta ba ni gurbin bincike, abin da muke kira minha. Shekara guda za a ɗauke mini duba marasa lafiya, a haɗa ni da farfesan da zai koya mini tsara bincike da rubuta shi, in an dace ƙofar koyarwa ta buɗe. Tun ina ɗalibi nake kwaɗayin wannan. Amma hukumar lafiya ta ce ba za ta sake ni ba sai an sami mai riƙe asibitin. Ni kuma na ƙara nawa sharaɗin: sai mai jin Hausa. Tsofaffinmu Larabcinsu na kasuwa ne, ba ya isa su faɗi abin da ke cinsu. Binciken ma a kansu yake, ina so in gano abin da ke sa su daina shan magani.

Rufa'a zuwa Sinnar

A bayan motar kaya na isa Rufa'a, tsakanin buhunan albasa. Daga nan ƙaramar bas ta ƙetare gada da mu zuwa Hasahisa, muka miƙa kudu. Alkama ta yi kore shar hagu da dama, ruwa na tafiya a hankali cikin magudanai.

A shingen bincike kafin garin Madani soja ya buɗe jakata, ya ga abin awon jini. Ya rage murya ya ce mahaifiyarsa kanta na yawan ciwo. Na faɗa masa abin da za a duba mata. Ya rufe jakar da kansa.

Cikin Madani muka bi ta gaban makarantar da na yi karatu. Ɗalibai na zaune a ƙarƙashin dalbejiya da fararen riguna, suna gardama. Na bi su da kallo har wuyana ya ƙage. Direba ya ce, "Ka yi mantuwa ne, Dakta?" Na ce a'a, mu je.

A Sinnar na ci wake da burodi a tasha, na hau bas ɗin Mai Wurno.

Mai Wurno

Da la'asar na sauka gidan Kawu Shehu, ƙanen mahaifiyata. Wanda na zo nema likita ne, abokin karatuna, ɗan garin, Hausa a bakinsa kamar ta kakanni. Wayarsa ta daɗe ba ta shiga, shi ya sa na tako da ƙafata. Kawu ya bari sai da na sha ruwa sannan ya ce, "Ai abokin naka ya tafi Saudiyya tun kafin azumi."

Na gangara bakin kogi na zauna ina kallon masunta. A ƙauyenmu yara sun koma Larabci, amma a nan ko faɗa da Hausa ake yi. Wata mata ta ƙwala wa ɗanta kira da irin muryar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har sai da na waiga.

Da magariba muna cin tuwon dawa da miyar kuɓewa Kawu ya ce, "Akwai jikar maƙwabcinmu, Safiya, tana likita a Sinja. Sai dai a Khartum ta tashi. Ka je ka gwada, ɗana."

Sinja

Da hantsi na isa. Na sami Safiya ta fito daga ɗakin duba yara. Na gaishe ta da Hausa, ta amsa da Larabci. Duk da haka na yi mata bayani har ƙarshe.

Sai ta ce da Hausa, a hankali, tana laluben kalmomi, "Ina ji, Yaya. Baki ne ba ya bi."

Sauran da Larabci ta faɗa. Bara kakarta ta yi jinyar ajali, ita ce a kanta. Ranar ƙarshe tsohuwar ta riƙe hannunta ta yi ta magana da Hausa, doguwar magana. "Rabi na gane," in ji ta. "Allurarta ban taɓa kuskurewa ba, amma har yau ban san me ta ce mini ba."

Ban matsa mata ba. Muka fita wurin mai shayi a bakin titi. Can ta ce za ta nemi a mayar da ita ƙauyenmu, in hukuma ta yarda. Ta kuma ce in na dawo daga jami'a in nuna mata hanyar minhar nan, don ita ma tana da tambayoyin da ba ta da lokacin bi. Na yi mata alkawari.

Komawa

Na sake kwana a Mai Wurno, washegari na biyo hanyar da na zo. Ina murna, amma tun daga gadar Rufa'a na fara kewar ƙauyen da ban ma bari ba tukuna.

Kafin in shiga gida na tarar da Baba Ilu a dakalin asibiti. Tsoho ne mai ciwon suga, kowace Alhamis yana wurina.

Ya ce, "An ce za ka bar mu."

"Shekara ɗaya ce, Baba."

"A wurinka. Ni na daina yi wa shekara alkawari."

Na zauna kusa da shi na ba shi labarin Safiya, ban ɓoye masa cewa Hausarta na ɗingishi ba. Ya daɗe yana juya sandarsa.

"To, ta zo," in ji shi. "Ta duba mu, mu koya mata."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Kawu Shehu da iyalinsa, da Safiya, wadda takardar canjin wurin aikinta ta fito, muna jiran isowarta bayan girbin alkama.